Ƙararrawar Ɗakin Inna

Shagona na gyaran salula yana bakin titi, a gaban gidanmu na Agege, ɗakin Inna kuwa shi ne na can ƙurya. Gidan irin dogon nan ne na Legas, ɗakuna suna kallon juna, siririn lungu a tsakiya. In ka tsaya a ƙofar Inna ka ƙwala kira, kafin muryarka ta iso shago sai ta ratsa rediyon 'yan haya, da kukan yara, da injin markaɗen Bayarabiyar da ke ɗakin tsakiya, sannan ta yi karo da hon ɗin danfo, motocin hayar nan na Legas. Mai lafiya ma sai ya yi da gaske. Inna kuwa tun da hawan jini ya taɓa mata ɓarin hagu muryarta ta koma ƙasa-ƙasa, ƙafar ma jan ta take yi.

Abin da likita ya fi ja mana kunne a kai shi ne faɗuwa. Ya ce in ta faɗi ta daɗe a ƙasa ba wanda ya sani, ba lallai ta sake miƙewa ba. Da farko ba mu damu ba, don autarmu tana ɗaki ɗaya da ita. Sai Auta ta yi aure, mijinta direban babbar mota ya tafi da ita Ijora. Matata malamar firamare ce, ta fita da safe sai bayan la'asar. Da rana ke nan ba kowa namu a gidan sai ni.

Ni kuma ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar da ce. An kawo ta Legas tana amarya daga wani ƙauye na ƙasar Kano. Ta tsufa a Agege, ta iya cinikin barkono da Yarabanci har mai sayarwa ta gaji ta sallama, amma kunyar ɗan fari tana nan yadda ta taho da ita, ko ƙwarzane babu. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata, can na girma. In na zo gaishe ta, tana kallon bango take amsawa. In tana son a kira ni sai ta ce da ƙannena, "Ku ce wa wancan ya zo." Da na buɗe shago na samu ƙarin girma, na koma "mai shagon nan". Auta kuwa har bakin titi ake jin sunanta, da zagi da komai. Ina yaro abin yana ci mini rai, wallahi yana ci. Da na girma na saba da shi, yadda mutanen unguwarmu suka saba da ƙarar jirgin ƙasa.

Na saya mata ƙaramar salula na sa lambata a farko, dannawa ɗaya kawai. Ta ce idonta ba ya gani, ta ba wa Auta ta tafi da ita. Nan na fara tunanin ƙararrawa.

Dama akwai wani abu da ya daɗe yana tsone mini ido a kasuwar kwamfuta ta Ikeja, inda nake sayen kayan gyara. Kwamfuta ce sukutum a kan allo guda, ba ta fi tafin hannu ba, ba kwanso ba komai. A gefenta akwai layi biyu na 'yan ƙarafa a tsaye kamar haƙoran matsefi, mu masu gyara ƙafafu muke ce musu. Kowace ƙafa kana iya rubuta mata umarni ta zama kunne ko ta zama baki. In kunne ce, sauraro take yi: akwai wuta a jikina ko babu? In akwai ta ce ɗaya, in babu ta ce sifili. In baki ce, ita take ba da wutar ko ta hana. Shi ke nan fa! Na yi ta mamakin yadda abu mai sauƙi haka zai iya kunna fanfo, ya buɗe ƙofa, ya aika saƙo. Na sayo ta na kawo gida a aljihun riga.

Matata haifaffiyar Legas ce, bakinta ba ya ajiye magana. Ta juya allon a hannunta ta ce, "Oga injiniya, ƙararrawar ƙofa ta ƙare a kasuwa ne?"

Na ce wannan in Inna ta danna ba ƙara kawai za ta yi a shago ba, har saƙo za ta turo mini ko ina Ikeja. Gaskiya ne. Amma wata gaskiyar ita ce ina mutuwar son in ga cikin abin, kuma ita ma ta sani.

Shirin bai da wuya a takarda. Madanni a gefen gadon Inna, kebul ya taho da shi zuwa wata ƙafa da za ta zama kunne. In an danna, madannin zai haɗa ƙafar da ƙasa, wato wayar da ba wuta a jikinta, ta ce sifili. Kwamfutar na jin sifili sai ta umarci wata ƙafar, wadda take baki, ta kaɗa ƙararrawa. Na haɗa a kan teburin shago, na danna. Shiru. Na sake dannawa har yatsana ya yi zafi, ko tari ba ta yi ba.

Na ɗauko wani ƙaramin ƙwan lantarki ja, na ɗaura masa rizista mai rage ƙarfin wuta, na rubuta umarni cewa ƙafa kaza ta riƙa kawo wuta tana ɗaukewa. Na jona ƙwan a ƙafar da na ƙirga da yatsa, bai kama ba. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Can a wani wuri da ban zata ba ƙwan ya fara ƙifta mini ido. Ashe ƙafafun lamba biyu gare su, akwai ta jerin da ido ke gani, akwai wadda kwamfutar ta san su da ita a cikinta. Kamar gidajen layinmu ne, tsohuwar lamba a jikin ƙofa, sabuwa a jikin bango, mai okada ya yi ta zagaye da fasinja. Na yi dariya ni kaɗai har mai sayar da burodi da ke gefena ta leƙo.

Da wannan ta wuce, zumuɗi ya sa na ɗaura ƙararrawar kai tsaye a jikin ƙafar. Ta yi wani ɗan kuka kamar an shaƙe kaza, daga nan ba ta ƙara ba. Na sa mitar auna wuta, ƙafar ba ta ba da komai, na ce ta kawo na ce ta ɗauke duk ɗaya. Na ƙone ƙafar. Ƙararrawar ta ja wutar da ta fi ƙarfin 'yar ƙafar, wadda dama aikinta ba da izini ne, ba ɗaukar kaya ba. Ni da nake yi wa masu salula faɗa a kan cajar banza! Na koma ƙafar da ke kusa da ita, na sa taransista a tsakani, ita ta ɗauki nauyin, ƙafa kuma ta tsaya ga ba da umarni. Wannan karon da na danna, ƙarar har ta sa wani kwastoma ya zabura.

Na ja kebul ta saman lungu, na ɗaɗɗaure shi a jikin wayoyin wutar gidan don kada yara su ja. Madannin babba ne, ja, na sa masa igiya na rataye a ƙarfen gadon Inna, ɓangaren hannunta mai lafiya. Ina bayani tana kallon taga. Da na gama ta ce da matata, "Ce masa Allah ya yi albarka. Amma ni me zan yi da shi?"

Washegari da hantsi ina tsakiyar buɗe wata salula ƙararrawa ta ɗauka. Ban san sadda na watsar da sukurori ba, na kwasa da gudu ba takalmi. Na tarar da Inna zaune tana jan carbi, madanni na rataye inda na bar shi. Ta ce da bango, "Ni ban taɓa komai ba." Na dawo ina haki. Ban gama tsince sukurorin ba ta sake ɗauka.

Haka muka shiga. Ta yi ƙara da safe, ta yi da azahar, wata rana ta yi shiru sai na fara murna sannan ta ɓarke. 'Yan haya suka samu abin magana. Mai markaɗe ta tare ni a lungu ta ce da Yarabanci in nemo malami ya yi addu'a, ita ta san abin da ke danna abu ba hannu. Na ce mata to. Matata kuwa in ta dawo sai ta tsaya a ƙofar shago ta ce, "Yaya baƙin naka, yau sau nawa suka yi sallama?"

Raina ya ɓaci, amma son sanin dalilin ya fi ɓacin ran yawa. Na haɗa laftof da allon na sa ya riƙa nuna mini abin da ƙafar kunnen take ji. Na zauna ina kallo. Ya kamata a ce ɗaya take faɗa har sai an danna. Ina! Lambar rawa take yi, ɗaya, ɗaya, sifili, ɗaya, sifili, kamar mai zazzaɓi. Na kai hannuna kusa da kebul ɗin, ban ma taɓa ba, rawar ta ƙaru. Na janye ta lafa. Na sake kaiwa. Wallahi ba tsoro na ji ba, daɗi na ji. Ina cikin haka mai markaɗe ta tayar da injinta, lambar ta haukace, ƙararrawa ta ɗauka. Na miƙe tsaye na ce, "Ashe ke ce aljanar!"

Na bincika a intanet na tarar abin sananne ne. Na gaya wa ƙafar abin da za ta ce in an danna, amma ban ɗaure ta a ko'ina ba in ba a danna ba. Tana nan a sake, ba ta wajen wuta ba ta wajen ƙasa, dogon kebul ɗin nan kuma ya zame mata eriya. Duk abin da ya motsa a wayoyin gidan sai ta ji, injin markaɗe, fankar ɗakin kusa, janaretan mai aski in an ɗauke wuta, don ita kwamfutar a kan batir take. Na riƙa gwadawa ɗaya-ɗaya, in roƙi wannan ya kunna, wancan ya kashe. Na san na kusa gyara ta, amma ban yi sauri ba, don ina jin daɗin ganin gidanmu duka yana magana a cikin lamba guda.

A duk tsawon wannan lokacin, in ta yi ƙara dole in je. Ba ni da hanyar sanin wacce ce ta gaske, kuma maganar likita tana kaina. In na ɗaga labule Inna za ta ce, "Abin nan naka ne ya sake." In ce, "Eh, Inna, ina kan gyara." Wani lokaci in juya. Wani lokaci kuma sai ta ƙara da cewa, "Tunda an zo, a miƙo mini butar can." Ko a buɗe taga. Ko a kama ta ta gyara zama, ƙafar ta yi sanyi. Ranar da na fara kama kafaɗarta na ji yadda ta rame, ban taɓa sanin haka ba, don ban taɓa riƙe ta ba. Na shiga ɗakin a 'yan makonnin nan fiye da yadda na shige shi tun haihuwata, amma a lokacin lissafina yana kan kwastomomin da nake bari a tsaye.

Akwai abu ɗaya da bayanin intanet bai warware mini ba. Kunnena ya gane ƙarar iri biyu ce. Akwai mai tsinkewa, kir-kir-kir, wannan ita ce ta markaɗe da 'yan'uwanta. Akwai kuma wata doguwa, miƙaƙƙiya, ba gargada. Na taɓa dacewa tana yi ina gaban laftof. Lambar ba rawa ta yi ba, sifili ne ya zauna daram, ya ɗan jima, ya tashi. Ƙafar da take a sake ba ta yin haka. Wannan sai dai in wani abu ya haɗa wayoyin kebul ɗin guda biyu sosai.

To mene ne? Na ce ɓera ne ya ci kebul, wayoyin suna taɓa juna. Na hau benci na bi shi da yatsa daga shago har ƙurya, lafiya lau. Na ce damina ce, don rufin lungun yana yoyo. Na jira aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, na zauna gaban laftof, ba abin da ya faru. Na ce ruwan alwalar Inna ne yake fantsama cikin madannin. Na kwance shi, a bushe yake ƙayau, duk da haka na naɗe shi da leda. Na ce ko sifirin ɗin cikin madannin ne ya saki, na sayo sabo na canza. Doguwar ƙarar ba ta daina ba. Na jiƙa kebul da gangan, na murɗa shi, na buga gadon da ƙafa ranar da aka kai Inna asibiti, duk don in sa abin ya faru da hannuna. Ya ƙi.

Na tambaye ta, "Inna, ko kina jingina da shi ba ki sani ba?"

Ta ce, "Ina ruwana da shi."

Na yarda, don Inna ba ta ƙarya. Sau da yawa in na shiga bayan doguwar ƙarar nakan ga madannin yana ɗan lilo a igiyarsa. Na ce fanka ce.

Daga ƙarshe na gaji na ce bari in yi gyaran da na sani, in ya so sauran ya biyo baya. Kwamfutar tana da wata 'yar rizista a cikinta da ake kunnawa da umarni, ta riƙe ƙafar a wajen wuta. Na kunna, rawar ta ragu amma ba ta mutu ba, kebul ɗin ya yi mata tsawo. Sai na ɗauko rizista ta gaske, 'yar mitsitsiya mai zane a ciki, na liƙa ta da dalma tsakanin ƙafar da wuta. Na raba kebul ɗin da wayoyin gidan, na murɗa wayoyinsa biyu kamar igiya, na kuma rubuta wa kwamfutar kada ta yarda da sifili sai ya ɗan zauna. Na roƙi mai markaɗe ta tayar da inji. Lambar ta tsaya a ɗaya ƙyam, ko gezau. Na sa mai aski ya tayar da janareta, haka. Na kai hannu, haka.

Daɗi ya cika ni. Da matata ta dawo na ja ta har ɗakin Inna, na tsaya a tsakiyar ɗaki ina ɗaga murya kamar mai wa'azi a danfo. Na ce, "An gama! Ba markaɗe, ba fanka, ba aljani. Daga yau in ta yi ƙara, to Inna ce ta danna da hannunta, ba wani." Matata ta tafa mini. Inna ta ce, "Madalla," ta ci gaba da jan carbinta.

Ƙararrawa ta yi shiru. Mai tsinkewar ta tafi, doguwar ma ta tafi, na ce ashe duk ciwo ɗaya ne, ban ƙara bin ta kanta ba. Na koma aikina. Da safe in leƙa in gaishe ta, da yamma in leƙa. Kullum kafin in buɗe shago nakan gwada da wani madanni da na ajiye a tebur, ta amsa, in ce lafiya ke nan.

Ranar da abin ya faru ina shago tun safe, ban je ko'ina ba. Bayan la'asar matata ta wuce ni da jakarta, ba a jima ba na ji ta ƙwala mini kira, irin kiran da ba na tsokana ba. Na tarar da Inna a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, buta ta kife, zaninta ya jiƙe. Ta tashi yin alwalar azahar ne ƙafar ta ci amanarta. Tun azahar! Muka ɗaga ta, jikinta ya yi sanyi, ƙugunta ya kumbura. Allah ya taimaka ba karaya, amma ta kwana biyu ba ta iya juyawa sai an juya ta.

Na fita daga ɗakin a fusace, kuma kwamfutar na nufa. Na ce ta ci amanata. Na sa mita a ƙafar, wuta na nan. Na duba taransista, lafiya. Na koma na danna madannin Inna da kaina, saƙo ya shigo salulata, mai burodi kuma ta ce ƙarar ta cika shago. Komai yana aiki. Sai na ce to nisa ya yi mata, ta faɗi inda hannunta ba ya kaiwa, gobe zan ƙara tsawon igiyar.

Da na dawo, matata tana tsaye a ƙofar shago. Ta ce, "Ba sai ka ƙara ba. A hannunta na same shi."

Na ce, "Me?"

"Madannin. Ta jawo shi, yana cikin tafinta, har ya yi ɗumi. Ba ta danna ba ne kawai."

Na ce wannan wace irin magana ce, mutum yana ƙasa tun azahar da abu a hannunsa ya ƙi dannawa? Na ɗaga murya, na ce taurin kai ne, na ce in ta mutu a haka wa za a zarga? Matata ta bar ni na gama. Sannan ta ce, a hankali, ba da muryar tsokanarta ba, "Baban yara, wa zai zo in ta danna?"

Na ajiye mitar a tebur.

Ta ce, "Kai ka tsaya a gabanta ka ce daga yau kowa zai san ita ce ta kira. Matar da ba ta taɓa faɗin sunanka ba."

Na zauna a benci. Doguwar ƙarar nan ta dawo mini, sifilin da yake zama daram, madannin da yake lilo. Na hau benci neman ɓera, na jira ruwan sama, na naɗe abu da leda, ashe babban yatsan uwata nake nema. Duk ranar da ta ce a miƙo buta, ita ta kira ni. Ta samu na'urar da take ƙara da kanta, ta ɓuya a bayanta ta kira ɗanta, ni kuma na zo da dalma na toshe mata wurin ɓuyan. Na ji tausayinta, na ji haushinta, na kuma ji wani daɗi da na rasa inda zan sa shi, don ban taɓa sanin tana nemana ba. Na juya wa titi baya don kada masu wucewa su ga fuskata.

Na yi tunanin cire rizistar. Da ɗan zafin ƙarfen dalma za ta fita, markaɗe ya dawo. Amma in na cire ta na koma rashin sanin wacce ce ta gaske, kuma kunne yana gajiya da ƙarar banza, wata rana zan ce bari in gama wannan aikin tukuna. Na bar ta inda take. Dama daga ƙurya Inna ba ta jin ƙarar shago, abin da take gani kawai shi ne na ɗaga labule.

Da ta ɗan samu sauƙi na shiga ɗakin da mita da sukundireba, na tsuguna gefen gado na kwance madannin na mayar, ina tsaki. Matata na wurin tana haɗa mata shayi. Da ita na yi maganar, yadda Inna ta koya mana. Na ce, "Kin ga abin nan ya sake lalacewa. Damina ta shiga kebul ɗin. Zai riƙa ƙara da kansa kamar da, kuma ni na gaji, ba zan iya gyara shi ba."

Matata ta ce, "Oga injiniya, ashe kai ma akwai abin da ya fi ƙarfinka."

Inna ta ce da taga, "Dama kayan zamani ba su da tabbas."

Ranar ƙararrawa ba ta yi ƙara ba, washegari ma har azahar shiru. Na kasa zaune na kasa tsaye. Na ce in ba a ga lalacewar ba ai ba za a yarda da ita ba. Na ajiye salular da nake gyarawa, na bi lungu, na ɗaga labule. Na ce, "Inna, abin ya yi ƙara."

Ta dubi madannin yana rataye, ko motsi ba ya yi. Ta san ba ta danna ba, ni kuma na san bai yi ƙara ba. Sai ta ce, "To ai ka ji. Ni ban taɓa ba."

Bayan la'asar sai ga ƙarar, doguwa, miƙaƙƙiya. Wannan karon ban yi gudu ba, na sa takalmina na tafi. Madannin yana lilo, fanka kuwa a kashe take, an ɗauke wuta.

"Abin nan naka ne ya sake," in ji Inna.

"Eh, Inna. Na rasa kansa."

Na tsaya ina jiran in ji buta ce ko taga. Butar tana kusa da ita a cike, tagar a buɗe. Ta matsa da ƙyar ta janye ƙafarta mai ciwo daga bakin gadon, har wuri ya samu. Fuskarta tana wajen bango ta ce, "Yana ta wahalar da kai da zirga-zirga. Tunda an zo, a zauna a huta."